Ina So In Tattara Kayana In Koma Jalingo

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 18, haifaffiyar Jalingo, ina ajin farko a wata jami'a a nan Katsina. Ban taɓa kwana a wani gari ba tare da mahaifiyata ba sai da na zo nan, yau wata uku ke nan, kuma har yanzu ban sami natsuwa ba. Mu shida ne a ɗaki. Huɗu 'yan jihar nan ne, duk ranar Juma'a suna tafiya gida su bar ni da ɗaya wadda ba ta cika magana ba. Suna ɗaukar bokitina da man girkina da cajata ba tambaya, idan na yi magana a ce na cika rowa, wani lokaci kuma su kwaikwayi Hausata su yi ta dariya. Kuɗin da Baba yake turo mini na wata ba ya kai mako uku, kuma ina jin nauyin gaya masa domin na san halin da yake ciki. Kullum da dare sai mun yi fiye da awa guda a waya da Mama, ina kuka tana kuka, daga nan barci ya gagare ni, da safe in makara lakca. Na yi tes biyu, duka ban yi abin kirki ba, alhali a sakandare ina cikin na gaba-gaba. Akwai Gwaggo, 'yar uwar Baba da ke aure a cikin gari. Baba ya ce idan ɗakin makaranta ya gagare ni in koma wurinta, amma duk ƙarshen makon da na je, girki da wanke-wanke da rainon jikokinta ba sa bari in buɗe littafi. Mama ta ce in dawo gida in sake JAMB in nemi makaranta kusa, Baba kuwa ya ce ba a fara abu a bari. Saura mako biyar jarrabawa. Anti, in koma gida, ko in koma gidan Gwaggo, ko in ci gaba da haƙuri?

Mai kewar gida, Katsina

Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki da tausayi, kuma tun da lokaci ya ƙure miki zan fara da amsar kafin dalilai. Kada ki koma Jalingo kafin jarrabawa, kada kuma ki kwashe kayanki zuwa gidan Gwaggo. Amma haƙurin da zan ce ki yi ba irin wanda kike yi yanzu ba ne, na haɗiye magana da rana a zubar da hawaye da dare. Akwai abubuwan da za ki canja da hannunki cikin makonni biyar ɗin nan, kuma mafi nauyinsu yana cikin wayarki.

Kewar da kike ji ba rauni ba ce, ba kuma alama ba ce ta cewa an yi kuskuren turo ki. Duk manomin rani ya san cewa idan aka ciro tumatir daga wurin yafi aka dasa shi a gona, sai ya yi yaushi ya langaɓe na wasu kwanaki kamar zai mutu, domin saiwarsa ba ta riga ta kama sabuwar ƙasa ba. Wanda ya yi gaggawar tuge shi a lokacin nan shi ne ya kashe shi. Ke kuma an ɗauko ki daga gari mai yawan damina da doya da kifin Binuwai, an kawo ki bakin iyakar Nijar a lokacin hunturu, inda dare kan yi sanyi ƙasa da digiri 15, ƙura ta fasa leɓe ta bushe maƙogwaro, ga tafiyar yini guda cur tsakaninki da mahaifiyarki. Da kin ce mini ba ki jin komai, da sai na fi damuwa. Garin nan kuma ya daɗe da sanin irinki. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta tara samari daga lardunan Arewa, Kashim Ibrahim daga Borno, Ahmadu Bello daga Sakkwato a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci a 1928, a zamanin da babu waya a aljihun kowa, labarin gida sai wasiƙa ta iso. Ginin yana nan an mayar da shi gidan tarihi, kuma idan kin sami wata Asabar ki ja ƙawa ku je ku gani, ya fi kwanciya a ɗaki ana ƙirga kwanaki.

Dalilin da ya sa na ce kada ki tafi yanzu na lissafi ne zalla. Idan kika bar makaranta ba tare da sanarwa ba, sunanki yana nan a rajista, kwasa-kwasan da kika yi wa rajista za a rubuta ba ki zauna jarrabawarsu ba, kuɗin makaranta da na ɗaki da Baba ya biya kuma sun tafi ke nan. JAMB sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma cin ta ba ya nufin samun gurbi a kwas ɗin da kike so a makarantar da kike so. Ke da kanki kin san ƙawayen da suka ci suke zaune a gida. Idan kuwa canjin makaranta kike so, jami'ar da za ta karɓe ki sakamakonki za ta fara tambaya. Ashe ko da a ƙarshe komawa kusa da gida ce mafita, ƙofarta ta wannan jarrabawar take bi. Wanda ya zauna jarrabawa yana da zaɓi uku ko huɗu a hannunsa, wanda ya gudu kafin ta zo yana da ɗaya tak, wato fara komai daga tushe.

Yanzu mu zo kan wayar dare, domin a ganina ita ce jijiyar matsalar. Ki duba yadda kika jero abin da kanki: waya, kuka, rashin barci, makara, faɗuwa tes. Kowanne yana haifar da na gaba, faɗuwar tes ɗin kuma ta zama sabon abin kuka a wayar daren gobe. Ba na zargin Mama ko kaɗan. Mace ce da ta yi shekara 18 tana ganin motsinki a tsakar gida, rana ɗaya ta wayi gari ɗakinki a rufe, kuma duk abin da take sani game da Katsina shi ne abin da kike gaya mata da ƙarfe goma na dare, lokacin da gajiya da yunwa da kaɗaici suka taru a kanki. Ba ta taɓa jin muryarki da hantsi ba bayan kin fahimci wani darasi, ko lokacin da wata ta ba ki dariya a layin ruwa. A idonta Katsina gari ne da ake cutar mata da ɗiya dare da rana, saboda haka da ta ce ki dawo, amsar da ta dace da labarin da take ji ta bayar. Ke ma, awa gudar da kike yi a Jalingo ta waya kowane dare, ita ce daidai awar da 'yan ɗaki suke hira suna sabawa da juna, ke kuma kin juya musu baya da waya a kunne.

Ba cewa nake ki rage son mahaifiyarki ko ki ɓoye mata damuwa ba. Lokacin za ki canja da tsawon. Ki kira ta da rana ko bayan la'asar, minti goma ko sha biyar, kina zaune a waje inda mutane ke wucewa, ki fara da tambayar lafiyarta da ta ƙannenki, sa'an nan ki ba ta labari ɗaya mai daɗi kafin kowane ƙorafi, ko da na abincin da kika dafa ya yi kyau ne. Doguwar hira ki ware mata rana ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi da safe. Kuma ki gaya mata dalilin a fili, da ladabi, kada ta ɗauka kin yi fushi: “Mama, idan muka yi kuka da dare ba na iya barci, kuma jarrabawa ta matso, ki taimake ni da addu'a, mu mayar da wayar da rana.” Uwa idan aka ba ta aikin da za ta yi wa ɗiyarta, takan riƙe shi hannu bibbiyu. Idan akwai yayarki ko ƙanwar Mama da take jin maganarta, ki roƙe ta ta riƙa leƙa ta da yamma, domin ita ma kewa ke cin ta, kuma bai kamata a ce ke kaɗai ce maganinta daga nesa ba.

Idan barci ya dawo, karatu zai biyo baya. Tes biyu ba su yanke miki hukunci ba, domin a jami'o'inmu jarrabawar ƙarshen zango ita ke ɗauke da kaso mafi girma na maki, kashi 60 ko 70 cikin 100, sauran kuma na tes da aikin gida ne. Abin da ya fi tes ɗin haɗari shi ne makara, saboda akwai ƙa'idar yawan halartar lakca kafin a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa, kuma wasu malamai suna riƙe ta da gaske. Cikin makon nan ki nemi malamin da sashenku ya ɗora wa kula da ajinku, ki gabatar da kanki, ki gaya masa kin sami tangarɗa a farkon zango, ki tambayi inda kika tsaya. Ki je ofishinsa a lokacin aiki, tare da wata 'yar ajinku. Sa'an nan ki nemi tsofaffin takardun tambayoyi a wurin 'yan aji biyu, ki shiga rukunin karatu ko da na mutum uku ne, ki mayar da laburare wurin zamanki tsakanin lakca da lakca. Karatun jami'a ya bambanta da na sakandare, inda malami ke bin ɗalibi da bulala da maimaici, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saba zuwa na ɗaya sukan yi tuntuɓe a zangon farko kafin su gane salon.

Game da 'yan ɗakinki, zan ba ki gaskiyarki, in kuma ba su tasu. Ɗaukar kayan mutum ba tambaya ba daidai ba ne, musamman man girki da aka saya da kuɗin da ba ya isa. Sai dai su da gidajensu ke kusa, duk Lahadi suna dawowa da garin tuwo da yaji da soyayyen manja daga ɗakin uwa, ba su san cewa kwalbar man nan taki lissafin wata guda ce ba. Ba lalle mugunta ce ba, rashin sani ne, kuma ba a gyara shi da faɗa a tsakiyar ɗaki inda kowa ke kare mutuncinsa. Ki zaɓi wadda ta fi hankali a cikinsu, ki same ta ita kaɗai, ki ce mata ke daga nesa kike, abin da kika saya sai ƙarshen wata, kina roƙon a riƙa tambaya. Ki sayi kwaɗo ki sa wa akwatin kayan abincinki, ba tare da sanarwa ko harara ba. Bokiti da caja kuwa ki sake su. Ba su kai a ɓata zama a kansu ba, kuma wanda ya ba da aron ƙaramin abu da fara'a ya fi samun bakin hana babba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma mutum shida a ɗaki ɗaya dole a yi ta gogayya. Idan abin ya wuce aro ya koma ɓatan kaya ko cin mutunci, akwai matar da ke kula da ɗakunan kwana, ki kai mata, ki nemi a canja miki ɗaki a zango mai zuwa.

Dariyar Hausarki kuwa, a matsayina na Bakatsiniya zan ce miki mu ne ƙarshen waɗanda ya kamata su yi wa wani dariyar harshe, domin da mun sauka a Kano ake gane mu tun daga gaisuwa, a yi ta tsokanarmu. Mutanen nan suna da son barkwanci, kuma sau da yawa tsokana ita ce hanyarsu ta buɗe ƙofa. Ki gwada ramawa sau ɗaya, ki kwaikwayi tasu cikin raha, ki ga yadda ɗakin zai sauya. Sai kuma yarinyar nan da ba ta cika magana ba, wadda kika ambata a wuce. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa ita ma ba ta zuwa gida ranar Juma'a? Mai yiwuwa nata garin ya fi naki nisa, ko kuɗin motar ne babu. Ranar Juma'ar nan ki dafa abinci na mutum biyu, ki ce ta zo ku ci. Ban yi miki alkawarin za ta zama aminiya ba, amma ita ce mutum mafi kusa da halin da kike ciki. Ki kuma tambayi ƙungiyar ɗalibai 'yan jihar Taraba, domin da wuya a rasa irinta a babbar makaranta, kuma su ne za ku riƙa haɗa mota lokacin hutu. Masallacin makaranta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ma wuri ne na samun yayye mata da suka riga ki shan wannan ruwa.

Maganar kuɗi ba ta son kunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, kuma iyaye da yawa suna turo abin da suke ganin ya isa bisa lissafin da ya riga ya tsufa. Ki ɗauki mako biyu kina rubuta duk abin da kika kashe, har ruwan leda da kuɗin Napep da hoton takardu da data. Ina kyautata zaton za ki tarar katin waya da abincin saye sun fi cin kuɗin fiye da yadda kike tsammani. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin komai ki je Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu ki auno shinkafa da wake da garin rogo da manja da busasshen kayan miya na wata, ki raba ragowar gida huɗu, kowane mako da nasa. Idan kun daidaita da yarinyar nan, haɗa tukunya yana rage gas da cefane. Bayan haka, idan har lissafin ya nuna kuɗin ba sa isa, ki kai wa Baba shi a rubuce. Uba ya fi jin daɗin a ce masa ga abin da ake kashewa, ga giɓin, da ya ji daga baya cewa ɗiyarsa tana kwana da yunwa. Idan makarantarki ta gwamnati ce, ku duba rancen karatu na asusun NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024: babu ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, akwai kuma naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga wanda ya nema, biya kuwa yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Bashi ne, saboda haka kada ki cika shi sai da sanin Baba. Abu ɗaya kuma zan faɗa miki a matsayin uwa: yarinya baƙuwa da kuɗinta suka ƙare ita ce wadda masu manyan motoci a bakin ƙofar makaranta suke nema, kuma kyautarsu ba ta zuwa ita kaɗai.

Baba yana da gaskiya da ya ce ba a fara abu a bari, amma ya faɗi haka ne ba tare da ya san kuɗin ba sa isa ba, ko cewa ba ki barci, ko abin da ke faruwa a gidan 'yar uwarsa. Kin bar wa Mama dukan hawayen, kin bar wa Baba “lafiya lau”, shi ya sa kowannensu yake ja ta nasa ɓangaren. Ki kira shi da rana ki ce masa kin amince za ki tsaya ki yi jarrabawa, sa'an nan ki gaya masa abin da kike buƙata domin ki iya tsayawar.

Gwaggo kuwa ba ta yi miki laifi ba. A al'adarmu ɗiyar ɗan uwa idan ta shigo gida ɗiyar gida ce, kuma sa ki aiki alama ce ta cewa ba ta ɗauke ki baƙuwa ba. Amma wannan ɗin ne ya sa zama a wurinta dindindin ba zai yi miki ba: ga aikin gida, ga kuɗin mota kullum daga cikin gari zuwa makaranta, ga rashin damar karatun dare da 'yan ajinku, kuma ranar da kuka saɓa, zumuncin Baba ne zai ji ciwo. Ki riƙe gidanta a matsayin wurin zuwa, sau biyu a wata ya isa, ki je da yammacin Juma'a ki dawo Asabar, ki yi aikin da zuciya ɗaya, ki ci tuwon gida, ki yi wanki da wadataccen ruwa. Daga yanzu zuwa ƙarshen jarrabawa kuma, Baba ne ya kamata ya kira ta ya ce ya hana ki fita, domin daga bakinsa maganar ba za ta yi mata zafi ba. Kada ki yanke ta. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, ita ce za ta iso gadonki kafin Mama ta kai tasha.

Ki kula da jikinki a wannan sanyi: man shafawa mai kauri, ruwan ɗumi, rufe hanci idan ƙura ta taso, da shan ruwa ko ba ki jin ƙishi. Ki kuma shirya wa bazara, domin daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40, kuma lokacin ne sanƙarau ke yawo a ɗakuna masu cunkoso. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, asibiti ake nufa nan take. Akwai kuma iyaka tsakanin kewar gida da ciwon damuwa. Idan kin gyara wayar dare da barci amma aka yi mako biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki kusan kullum, ba ki son abinci, abin da ke ba ki sha'awa a da ya daina, ko kika fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, to wannan ya wuce shawarar Anti. Ki je asibitin makaranta ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini, ki sanar da Baba da Gwaggo a ranar. Ciwo ne da ake magani, kuma a irin wannan hali akwai hanyar jingine karatu a hukumance, ta takarda zuwa ga shugaban sashe, yadda gurbinki ba zai salwanta ba.

Idan an gama jarrabawa ki tafi gida hutu, ki shiga mota a tasha da sassafe tare da 'yan garinku, kada ki yarda da tafiyar dare ko motar bakin hanya. A can, bayan kin huta, ki zaunar da Baba da Mama wuri ɗaya, ba kowa a wayarsa ba, ku yi maganar da takardar lissafinki a gabanku. Shawarata ita ce ki dawo ki cika shekarar, domin zango na biyu kan zo da sauƙi ga wanda ya riga ya san hanyar aji da farashin kasuwa da fuskar mutum biyu ko uku. Idan shekara ta cika kuma har yanzu zaman bai karɓe ki ba, sai Baba ya je jami'ar da ke kusa da ku ya tambayi sharuɗɗansu na karɓar ɗalibi daga wata makaranta, ke kuma ki nemi takardar sakamakonki a nan, a bi ta hanyar da JAMB ta amince, domin kada takardunki su sami matsala ranar da za a tura ki hidimar ƙasa. Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya sanyaya zuciyar Mama.